Yadda ake zaɓen jakar goyo ɗaya da za ta shiga jirgi, ta kuma hau dutse

Jakar goyon da na fara doguwar tafiya da ita, a gindin matakalar jirgi aka raba ni da ita. Jirgin ƙarami ne, irin na zirga-zirgar cikin gida. Ma'aikaciyar ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce, "Yallaɓai, wannan ba za ta shiga sama ba, kawo a sa ta a ƙasa." Na miƙa mata, igiyoyi suna ta reto ta ko'ina. Da muka sauka aka miƙo mini kayana, sai na tarar maƙalar ɗamarar ƙugu ta fashe, ɓari ɗaya kawai ya rage. Washegari haka na hau duwatsun Shere da ke gabashin Jos da ita, nauyin duka a kafaɗa. Kwana uku ina juya wuya kamar mai sanƙarau.

Laifin nawa ne. Jakar hawan dutse zalla na saya, doguwa mai hula a ka, ban taɓa ɗora mata tef na awo ba. Jirgi da dutse kuwa ba abu ɗaya suke so ba. Jirgi yana son jaka gajera mai kusurwa huɗu, wadda ba abin da ke lilo a jikinta. Dutse yana son doguwa siririya mai manne wa baya. Wanda yake son jaka ɗaya ta yi masa aikin biyu sai ya raba musu hukunci: jirgi ya yanke girma, gadon bayan mai ita ya yanke sauran. Ga yadda nake bi yanzu.

Fara da awon jirgi, tun kafin ka je kasuwa

Buɗe shafin kamfanin jirgin da ka fi hawa, ka nemo ƙa'idarsu ta jakar hannu. Abu biyu za ka rubuta: girma da nauyi. Turkish Airlines da Lufthansa suna karɓar jaka mai santimita 55 a tsayi, 40 a faɗi, 23 a kauri, nauyinta kada ya wuce kilo 8. Emirates da Ethiopian Airlines kilo 7 suke ba mai ƙaramin tikiti. Qatar Airways ma kilo 7, amma tsayin da ta rubuta santimita 50 ne, faɗi 37, kauri 25. British Airways ta fi sakin hannu, 56 da 45 da 25. A Amurka da inci suke lissafi, 22 da 14 da 9, wato kusan santimita 56 da 36 da 23. Kamfanoni suna sauya waɗannan lambobi, don haka a sake dubawa duk lokacin da aka sayi tikiti. Alhazanmu dai sun san zancen, ba wanda ya je aikin Hajji bai yi kokawa da jakar kilo 8 ba.

Idan ka jera lambobin za ka ga inda yawancinsu suka haɗu: tsayi kada ya wuce 55, faɗi wajen 35, kauri 20 zuwa 23. Ninka 55 da 35 da 20, ka samu lita 38 da rabi. Wannan ne dalilin da ya sa jakunkunan da aka ƙera don wannan aiki suke tsayawa tsakanin lita 35 da 40. Mai lita 45 takan wuce idan ba a cika ta ba, amma caca ce. Mai lita 50 zuwa sama kuwa, ka sa a ranka kayan awo ce.

Kada lambar litar da aka rubuta a jiki ta ruɗe ka. Jakar hawan dutse mai lita 38 tana iya kai santimita 65 ko fiye a tsayi, don an matse ta an miƙar da ita sama. Tsayin ne ke kama mutum a filin jirgi, musamman idan da ƙarfe a bayanta, wanda ba ya lanƙwasuwa komai dannawa. Saboda haka tef ɗin tela ya zama a aljihunka ranar sayayya.

Auna bayanka

Nan ne yawancin mutane ke tsallakewa, kuma nan ne ciwon yake. Jakar goyo ta gaskiya tana da lamba kamar takalmi, lambar kuwa ta tsawon gadon baya ce, ba ta tsawon mutum ba. Dogon mutum yana iya zama mai gajeren baya, ƙafafu ne suka kwashe tsawon.

Sai da mutum na biyu ake wannan awo. Ka sunkuyar da kai, ka shafa ƙeyarka zuwa ƙasa, za ka ji wani ƙashi ya turo a inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Nan ne mafari. Sannan ka riƙe ƙugu, hannuwa a kan saman ƙashin kwankwaso, manyan yatsu suna kallon juna ta baya. Layin da ke tsakanin yatsun nan shi ne maƙura. Ka miƙe sosai, abokinka ya ja tef daga ƙashin wuya zuwa wannan layi. Yawancin manya sukan faɗa tsakanin santimita 40 da 52.

Ga inda awon biyu ke karo. Idan bayanka ya kai 50 ko ya wuce, jakar da ba ta wuce 55 ba da ƙyar za ta ishe ka, don haka ka nemi wadda ake iya matsar da maratayan kafaɗarta sama ko ƙasa, ka kai su ƙarshe. Idan bayanka 42 ne, ka huta, zaɓi ya yi maka yawa. Mata kuma su nemi ƙirar mata idan da hali: bayan ya fi gajarta, maratayan sun lanƙwasa sun kauce wa ƙirji, ɗamarar ta bi siffar ƙugu. Ba kwalliya ba ce, bambancin yana fitowa bayan tafiyar awa biyu.

Juya jakar, ka dubi bayanta kafin gabanta

Mai kanti gaban jaka zai nuna maka, aljihu goma sha biyu, wurin biro, ramin cajin waya. Kai ka juya ta.

Duk wanda ya taɓa lura da yadda mace ke goyo ya riga ya san ilimin. Ba a kafaɗa take rataye yaro ba. Tana ɗora shi a kan ƙugu, ta manna shi da bayanta, ta ɗaure da zani ta ƙara da majanyi, sai ta wuni tana daka da shi. Jakar kirki haka take aiki: mafi yawan nauyin yana sauka a ƙugu ta hanyar ɗamara, kafaɗa aikinta kawai ta hana kayan faɗawa baya.

Don haka ɗamarar ƙugu ce abu na farko. Ka matsa ta da yatsu. Ana son mai faɗi kamar tafin hannu, da soso mai tauri wanda ke dawowa idan an sake shi, kuma fikafikanta biyu su zagayo su rufe ƙashin kwankwaso ta gaba. Siririyar igiya mai faɗin yatsa biyu, irin wadda ake maƙala wa jakar 'yan makaranta, ba ta ɗaukar komai, hana lilo kawai take yi. Jakunkunan tafiya da yawa masu tsada a nan suke faɗuwa: an ƙawata cikinsu kamar akwati, an bar ɗamarar kamar ta wasa.

Na biyu, ƙashin bayanta. Ɗamara ba ta da amfani idan babu abin da zai kai mata nauyin. A cikin bayan jakar ana son faranti na roba mai tauri, ko sandar alminiyam, ko waya da ta zagaye gefe. Gwajin mai sauƙi ne: riƙe sama da ƙasa ka yi ƙoƙarin ninke ta biyu. Idan ta ninku kamar tabarma, ajiye ta.

Na uku, wasu 'yan gajerun igiyoyi biyu da ke tashi daga saman maratayan kafaɗa zuwa kan jakar. Su ne ke jawo saman kayan ya matso jikinka maimakon ya rinjaye ka baya a kan hawa. A babbar jaka sukan tsaya a karkace, tsaka-tsaki tsakanin tsaye da kwance, a gajeriyar jakar jirgi sukan ɗan kwanta, ba laifi, muddin suna nan kuma suna ja. Sai igiyar ƙirji, wadda ya kamata a iya zame ta sama da ƙasa.

Akwai maganar gumi. Wasu jakunkunan dutse an ɗaura musu raga a baya kamar fatar ganga, jakar ta lanƙwashe ta bar sarari iska na wucewa. A zafin Maris da Afrilu wannan ni'ima ce. Amma lanƙwasar tana cin kauri daga santimita 20 ɗin da jirgi ya ba ka, kuma kwamfuta ba ta kwanciya daidai a ciki. Ni na haƙura da ita, na zaɓi baya miƙaƙƙe mai soso da kwarin iska a tsakiya. Rigata tana jiƙewa, na sani. Wanda ba ya ɗaukar kwamfuta, kuma hawan ya fi masa jirgin muhimmanci, yana iya zaɓar akasin haka.

Abu na ƙarshe a bayan jakar shi ne wanda rashinsa ya fasa mini maƙala: wurin ɓoye igiyoyi. Wasu suna da murfin yadi da ake zuge shi a rufe maratayai da ɗamara gaba ɗaya, jakar ta koma kamar akwati mai hannu a gefe. Osprey Farpoint 40, da 'yar'uwarta Fairview ta mata, da wannan suka yi suna, kuma Decathlon na Faransa da Deuter na Jamus suna da masu kama da su. Ba dole sai mai suna ba, amma ka san siffar da kake nema.

Baki da aljihu

Jakar dutse ta asali ta sama ake zuba mata kaya kamar buhu, a ja igiya, a rufe da hula. Ta fi jure ruwa, ba ta da dogon zif da zai lalace, amma ranar da jami'in bincike ya ce ka fito da abin da ke can ƙasa, sai ka zazzage rayuwarka a kan tebur. Mai buɗewa kamar akwati ta fi daɗin shiri. Ni na fi son ta tsakiya, mai zif da ya zagaya gefe uku na gaba, wadda za a iya buɗe samanta kaɗan a kan hanya, a wangale ta duka a masauki.

Aljihu uku sun isa: na gora a gefe, mai zurfin da gora ba za ta faɗo ba idan ka sunkuya, ƙarami a sama na fasfo da waya, da wurin kwamfuta wanda ke manne da baya, ba a gaban jakar ba. Sai igiyoyin matsewa a gefe ko a gaba, su ne ke mayar da jaka mai lita 40 ta zama ta yini ɗaya idan ka bar rabin kaya a masauki. Mai taya kuwa ka manta da ita. Tayoyin da sandar ja nauyi ne da za ka goya a banza, kuma suna tokare ƙugu.

Kalar ma abin dubawa ce. A guji mai zanen kakin soja. A Najeriya an hana farar hula amfani da irin wannan yadi, ba ka son dogon bayani a shingen bincike a kan hanyar Gembu da ke tsaunin Mambila.

Ɗora ta a sikeli babu komai a ciki

Lissafin nan gajere ne amma yana da zafi. An ba ka kilo 7. Idan jakar kanta kilo 2 da rabi ce, ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku tun ba ka sa ko safa ba. Ƙara kwamfuta da cajarta, wajen kilo 2, saura kilo 2 da rabi na sutura da komai. Ka nemi wadda ke tsakanin kilo 1 da 1 da rabi. Ƙasa da haka yawanci an cire ƙashin baya ko an rage ɗamara, sama da haka ana sayar maka da aljihun da ba ka buƙata.

A takardar jaka za ka ga lamba da harafin D, kamar 210D ko 420D. Kaurin zaren yadin ke nan. Jiki mai 210 zuwa 420 ya wadatar, gindin ya fi kauri don shi ke gugar dutse. Idan ka ga ƙananan gidajen dara a saƙar, an yi su ne don yagewa ta tsaya a gida ɗaya kada ta zarce.

Gwajin fiya wata

Ba a sanin jaka tana fanko. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, wato rabin kilo. Sayi guda 14 a bakin kasuwa, kilo 7 ke nan cif. Ka ce wa mai kanti, "Alhaji, zan gwada da kaya a ciki, in ta yi mini ba sai mun ja ciniki ba." Wanda ya yarda da kayansa ba zai hana ba, sai dai ya yi dariya. Ka zuba su cikin babbar leda kada ɗaya ta fashe, ka tura tsumma ko takarda a ƙasa don nauyin ya zauna a tsakiyar baya.

Yadda ake ɗaurawa yana da tsari. Sassauta igiyoyin duka, ka goya. Fara da ɗamara: tsakiyar sosonta ya zauna a kan ƙashin kwankwaso, ba a kan ciki ba, ka ja sosai. Sannan maratayan kafaɗa, ka ja su ƙasa da baya har su kwanta, ba har su shaƙe ba. Sai 'yan igiyoyin sama, kaɗan kawai. Igiyar ƙirji ita ce ta ƙarshe, ɗan ƙasa da ƙashin wuya na gaba, ta bar ka ka yi numfashi.

Yanzu ka ɗaga kafaɗa. Idan jakar ta zauna a ƙugu ba ta biyo ka ba, alama ce mai kyau. Wani ya duba ta gefe: idan akwai rami tsakanin maratayi da saman kafaɗarka, jakar ta yi maka tsawo. Idan maratayin ya fara can ƙasa a allon kafaɗa, kuma ɗamara tana hawa cikinka, ta yi gajarta. Ka ɗaga kai sama kamar mai duban tsauni, kada ƙeyarka ta bugi jaka. Ka yi tafiyar minti goma, ka hau bene idan akwai, ka sunkuya kamar za ka ɗaure takalmi. Duk inda ya ɗan dame ka a minti goma, a awa huɗu wuta zai zama. Bayan haka, tana cike, ka ɗora mata tef ta fuska uku, don jaka cikakkiya takan kumbura ta wuce lambar da aka rubuta.

Wanda kuɗinsa bai kai sabuwa ba, kada ya raina gwanjo. A Ƙofar Wambai a Kano da Katako a Jos, dilolin kayan Turai sukan fito da jakunkunan dutse na asali, kuma tsohuwar asali ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba. Sai dai a bincika. Leƙa ciki ka shafa: idan shafen da ke hana ruwa shiga yana ɓarewa kamar fatar maciji, ko yana danƙo da wari, ta tsufa, kuma ba ta gyaruwa. Ja kowane zif sau biyu, ka duba kan zif ɗin, na kamfanin YKK na Japan sun fi aminci. Danna kowace maƙala ka ji ta yi ƙaras. Ja maratayi da ƙarfi a inda aka ɗinke shi da jiki, ana son ɗinki mai kauri da aka maimaita. Maƙala da ta fashe ko ɗinki da ya saki, baduku zai gyara da kuɗi kaɗan. Soso da ya mutu ko ƙashin baya da ya karye, bar musu kayansu.

Ranar tafiya, da ranar hawa

Wasu kayan dutse ba sa shiga cikin jirgi tare da kai ko jakar ta yi daidai. Wuƙa ba ta wucewa. Sandunan dogarawa da turakun tanti, filayen jirgi da yawa suna ƙwace su. Tukunyar gas ta girki ba ta hawa jirgi ko a kayan awo. Ruwa da mai da turare, kowace kwalba kada ta wuce mililita 100 a yawancin filaye, don haka gora a wuce da ita fanko a cika a ciki. Fawa bank kuwa akasin haka ne, dole ya kasance tare da kai, ba a ƙasan jirgi ba. Mai 20,000mAh yana cikin iyakar da aka yarda. Idan aka karɓi jakarka a bakin jirgi kamar yadda aka yi mini, ka tsaya ka ciro shi da kwamfuta da fasfo da magani, ka zuge murfin igiyoyi, sannan ka miƙa. Takalmin hawa da rigar sanyi a jikinka za su shiga jirgi, ba a auna abin da mutum ya saka.

Ka kuma san iyakar jakar. Lita 40 ta isa hawan yini a Shere ko Kufena, ta isa kwana biyu ko uku a tsaunin Mambila idan a gari za ka kwana, ta isa mai Umara da ke son hawa Jabalun Nur ya ga Kogon Hira. Amma tafiya irin ta dutsen Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 a dajin Gashaka Gumti, inda ake kwanaki da tanti da abinci, tana son babbar jaka ko masu dako.

Da ka isa masauki, zazzage kayan gari ka bar su. Shirin hawa daban yake da na jirgi: marasa nauyi a ƙasa, ruwa da abinci a tsakiya manne da baya, rigar ruwa da tocila a sama. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, lita uku sun riga sun canza yadda jakar ke zama, sai ka sake ɗaure ɗamara. Ka matse igiyoyin gefe har kayan su daina motsi. Yawancin jakunkunan nan ba sa hana ruwan sama mai ƙarfi, musamman ta zif, kuma a Mambila hadari ba ya sallama. Babbar leda mai kauri da aka shimfiɗa a ciki aka murɗe bakinta ta fi rigar jaka ta waje, wadda iska ke ɗagewa.

Idan lokacin hunturu ne, ƙura za ta cika haƙoran zif har ya fara cijewa. Kada ka ja da ƙarfi. Tsohon buroshin haƙori za ka sa ka goge, sannan ka goga masa gutsuren kyandir sau biyu ko uku, ka ja shi a hankali sama da ƙasa har ya saki.